Leda Uku a Jakar Inna

Alhamdu lillahi, Inna ta tashi. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka ta'aziyya zan rubuta. Surukata ce, mahaifiyar mijina, kuma ni na yi jinyarta tun zafin bazara har shinkafar damina ta fara nuna. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne, maganin da ya kusa raba ta da hankalinta da gidanta yana nan cikin jakar kusan kowace tsohuwa da na sani, kuma 'ya'yanta ne ke saya mata da zuciya ɗaya.

Inna mutuniyar Argungu ce, gumin shinkafa ne sana'arta tun kafin a haifi mijina. Durom biyu gare ta a bayan gida. Ta jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, ta turara, ta baza a rana, ta bi ta kai da ƙafa tana juyawa. Mace ce da ba ta iya zama ba. Ko biki ta zo mana Birnin Kebbi, kwana ɗaya ta fara cigiyar motar gida, wai shinkafarta na rana, alhali ta san ta kwashe. 'Ya'yanta uku, duk maza. Yaya Bello ne babba, yana aiki a Sakkwato, kuma da yake ɗan fari ne Inna ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Babba. Sai mijina Malam Usman, malamin makaranta, muna zaune a Badariya inda nake ɗinki a gida. Sai Nasiru auta, direban motar haya.

A garuruwanmu duk wanda ƙirjinsa ya yi zafi bayan ya ci tuwo da yaji, to olsa ce ta kama shi, ba a buƙatar wani gwaji. Haka Inna ta samu tata olsar. Shekarun baya, cikin wani azumi, ƙwannafi ya matsa mata, Malam ya je kemis ya sayo mata ƙwayar nan mai rage tsamin ciki da ake kira maganin olsa. Ta sha ta ji daɗi, ta yi ta sa masa albarka. Tun daga nan maganin ya shiga cikin tsarabar wata, tare da sukari da sabulu da goro. Ban taɓa jin wani ya kira shi abin tsoro ba.

Gwaggo Kulu, ƙanwar Inna da suke gumi tare, ita ta bugo waya ta ce mu zo mu ga yayarta. Inna ta ɗora durom a wuta ta tafi maƙwabta ta zauna hira, har shinkafar mutane ta ƙone ba ta tuna ba. Kafin wannan kuma ta taka garwashi ba ta ji ba, sai da Gwaggo ta ji ƙaurin fata. Malam ya je ya ɗauko ta. Da ta sauko daga mota na ga yadda take ɗaga ƙafa sama-sama tana direwa, kamar mai tsallake ruwa a tsakar gida. Ta faɗa, ta yi fari, ga harshenta ja sumul, ko ɗan gishiri ya ji sai ta yi tsaki.

Makon farko muka kai ta asibiti. Duk wanda ya san layin kati ya san abin da nake nufi. Mun fita da sassafe muna ganin mun yi sammako, muka tarar da waɗanda suka fi mu. Inna ta zauna a benci tana tambayata me muka zo saye. Sai wajen azahar muka ga likita, bawan Allah ya gaji tiɓis, ban ma ga laifinsa sosai ba, amma dai ko ƙafar da muka zo dominta bai taɓa ba. Ya tambaya ko tana shan wani magani, na ce na olsa ne kawai. Bai ɗago kai ba. Aka ce maleriya da taifod da ƙarancin jini, aka haɗo mu da ƙwayoyi da maganin ƙarin jini na kwalba. Muka shanye tas, Inna na nan jiya i yau.

Daga nan sai likitocin dangi suka karɓi aiki. Gwaggo Kulu ta zo da ƙullin hayaƙi da saiwoyi, ta ja ni gefe.

"Luba, wanga ba ciwon asibiti ba na. Mutanen ruwa na. Ta cika zuwa bakin gulbi wankin shinkahwa da almuru, na sha hwaɗa mata."

Na ce to, Gwaggo, Allah Ya sa a dace. Aka yi hayaƙi har labulena ya canza kala. Aka karɓo rubutu, wannan kam ni da kaina nake ba ta. Maƙwabciyata Maman Ngozi, mai shagon kayan masarufi, wadda ta fi ni daɗewa a Badariya, ta shigo da ruwan ugu, wani ganyen miyarsu, a jug. "Ki haɗa ma Mama da madara, jini zai cika har ya yi yawa," in ji ta. Inna ta kurɓa ta ce ita ba akuya ba ce. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba, don kowa da abin da ya sani ya zo, kuma ranar da na rasa mai tsaya mini da yara Maman Ngozi ce ta rufe shagonta.

Shawarar da ta fi kowace nauyi ta Yaya Bello ce. Ya bugo wa Malam, wayar a buɗe, Inna na kwance a ɗaki kusa.

"Usman, tsuhwa na, mu daina wahal da kanmu. Ta gama gumi. A kwaso kayanta ta zauna nan wurinku, a sai da durom ɗin, gidan a sa haya."

Ashe ta ji. Matar da ke manta ko ta ci abinci, wannan maganar ba ta manta ta ba. Daga ranar kullum da hantsi sai ta ɗaure kayanta a ɗankwali, ta rungume jakarta, ta zauna a bakin ƙofa tana tambayar duk wanda ya gitta ko motar Argungu ta cika. Ina kan keken ɗinki ina hango ta, wani lokaci sai in kasa ganin bakin allura. Ba ciwon ne ya fi damunta ba. Tsoronta kada a rufe mata ɗakinta tana da rai.

Wajen mako na huɗu sai jijiyoyi suka fara ɗaurewa. Ɗan maraƙinta ya murɗe ya yi tauri, yatsun hannu su naɗe, mu yi ta murzawa da man zafi. Wata safiya tana alwala sai na ji buta ta faɗi. Na fito na same ta a ƙasa ta sanƙare, jiki na karkarwa, ido ya juye. Malam ya riga ya tafi makaranta. Ban san sadda na fita titi ba mayafi na tare mai keke ba.

Aka kwantar da mu a babban asibiti. Zaman ɗakin mata sai wanda ya yi. Fanka ɗaya ke juyawa, ita ma sai ta ga dama. Ruwa sai ka sayo, safar hannu sai ka sayo, wasu gwaje-gwajen kuma a ce na'ura ta lalace, a je waje. Ɗinkin sallar da na karɓa duk na mayar wa masu shi, abin da na tara kuma ya bi gwaji. Akwai nas ɗin da in ka kira ta sai ka ce bashi ka zo nema. Amma akwai wata kuma, dattijuwa, da ke zuwa ta gyara wa Inna filo tana tsokanarta da cewa mutanen Argungu ba sa ciwo sai kifi ya yi tsada. Allah Ya saka mata.

A nan Allah Ya haɗa mu da wata likita, matashiya, marar hayaniya. Ita ce ta fara cire wa Inna silifas ta soka mata tsinke a tafin ƙafa. Inna na kallon silin, ko gezau. Da sakamakon jini ya fito ta ce abubuwa biyu sun yi ƙasa ƙwarai a jikinta: wani sinadari mai suna maganeziyam, wanda rashinsa ne ya kawo ɗaurewar jijiya da faɗuwar, da kuma bitamin B12, wanda rashinsa ke kashe ƙafa, ya rage jini, ya kawo mantuwa. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka fara allurai. Likitar ta ce abin da take son sani shi ne me ya cinye su, don mai cin kifi kamar Inna bai kamata ta rasa su haka ba. Na sake ambatar maganin olsa. Ita kam ta ɗago kai. Ta tambayi sau nawa a rana, tun yaushe. Na ce ina jin guda ɗaya ne, in abin ya motsa. Abin da na sani kenan.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta ɗan dawo hayyacinta. Ana kiran azahar ta taɓa ni.

"Miƙo min na mijinki, rana ta yi."

"Me nasa, Inna?"

"Magani mana. Shina cikin jaka."

Jakar nan ba mai taɓa ta, ko wanka za ta shiga da ita take zuwa. Na zuge. Ƙarƙashin carbi da hijabi na ga leda uku, kowace an ƙulle ta daban. Na kwance ta farko na ga irin wanda Malam ke saye. Ta biyu wani ne a kwali mai kyau, ƙwayarsa ruwan hoda. Ta uku a ɗan gwangwanin roba yake.

"Inna, waɗannan fa?"

"Wancan na Babba na, shi nika sha da sahe. Na mijinki da rana. Na auta in an yi isha'i."

Ashe lokacin da ta yaba maganin, labari ya kai kunnen sauran biyun, kowa ya shiga sayo nasa in zai zo gaishe ta. Inna kuwa tana da wata ɗabi'a da kowa ke yaba mata: ba ta taɓa gaya wa ɗa abin da ɗan'uwansa ya kawo mata, don kada wani ya ji an fi shi. Tsaraba na shigowa take ɓoye ta. Saboda haka shekara da shekaru kowannensu na ganin shi kaɗai ke kula da olsar Inna. Na tambaye ta me ya sa ba ta tsaya a kan guda ba. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"In nis sha na guda nib bar na guda, wa niz zaɓa kenan? Duk ni nih haihe su."

Na kwashi ledojin na kai wa likita. Ta jera su a tebur ta karanta, ta ce sunan kamfani ne kawai ya bambanta, aikinsu ɗaya. Ta zo bakin gadon ta yi mana bayani a hankali. Akwai maganarta da ta zauna mini har yau: "Mama, maganin nan ba guba ba ne, yana taimakon mutane da yawa. Amma na makonni ne, ba na shekaru ba, sai in likita ne ya ce a ci gaba kuma yana dubawa." Ta ce tsamin nan da muke yaƙi da shi, ciki na buƙatarsa don ya tatsi amfanin abinci. In aka danne shi shekara da shekaru, sai mutum ya yi ta ci jiki bai samu ba. Ta ce ba za ta rantse cewa shi kaɗai ne sanadi ba, tunda akwai shekaru, amma shi ne babban abin zarginta. Ta kuma hana a yanke shi rana ɗaya, don ƙwannafin zai dawo da ƙarfinsa. A hankali za a janye.

Likita na juya baya Inna ta damƙe mini hannu. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"Luba, amana. Kar ki hwaɗa musu. Ko mijinki."

"Inna, ai gara su sani."

"Su san mi? Su san da hannunsu sunka kwantar da ni? Babba ba ya iya ɗaukar wagga magana. Ki bar su."

Na ce to. Me zan ce? Surukata ce, tana kwance, tana roƙona.

Aka sallame mu muka koma Badariya. Aka gwada aka samu wata ƙwayar cuta a cikinta, wadda likita ta ce mai yiwuwa ita ce tushen ƙwannafin tun farko, aka ba ta magani na ɗan lokaci. Makonnin janye ƙwayar olsar sun yi mana wuya. Ƙirji ya riƙa yi mata zafi, ta yi ta mita wai likitar yarinya ce ba ta san olsa ba. Na rage yaji, na hana ta kwanciya da ta gama cin abinci, na ɗaga mata kan katifa. A kan goro ne muka fi yin rigima, kuma ban ce na yi nasara ba. Allura kuwa ba mu fasa ba. Sannu a hankali mantuwa ta ja baya. Ranar da ta ɗebi tuwona ta ce wannan shinkafar ba ta ji gumi ba, an cuce ni a kasuwa, na shiga kicin na yi hamdala. Ƙafafun ne dai suka dawo rabi. Likita ta ce jijiyar da ta daɗe a mace ba lallai ta farfaɗo duka ba.

Riƙon amanar nan ya fi mini jinyar wuya. Nasiru ya zo dubiya, baki har kunne, ya miƙo sabon gwangwani. "Anti, ga na olsar Inna, kar ya yanke mata." Na karɓa na yi godiya, na tura shi ƙarƙashin ƙyallayen ɗinki. Malam na tambayata me likita ta ce, ina ce masa ƙarancin sinadari ne, wanda ba ƙarya ba ne, amma ba gaskiyar duka ba ce. Sai na zauna na yi tunani. In ba su sani ba, za su ci gaba da cewa tsufa ne, ba za su bar ta ta koma gida ba. In ma sun bar ta, za su ci gaba da kai mata tsaraba, ita kuma na san ta, za ta sha.

Yaya Bello ya zo wani ƙarshen mako, aka kira Nasiru, suka zauna a falo. Inna na kan tabarma. Na shigo da tiren abinci daidai Yaya na cewa sauƙin nan da aka gani don tana hannun Luba ne, in ta koma za a koma gidan jiya. Ya ce ya samu mai sayen durom, kuma akwai wani malamin asibiti da ke neman haya. Ya juya wajen Inna, ba tare da ya dube ta sosai ba, ya tambaya ko tana da magana.

Inna ta dube ni. Kallon gargaɗi ne, na gane shi sarai. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Yadda kunka gani."

Wato ta yarda ta rasa gidanta da sana'arta, a ci gaba da yi mata kallon wadda ta ruɗe, don dai kada 'ya'yanta su ji ciwo. Ni kuma a nan haƙurina ya ƙare. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsoma baki a maganar Yaya ba, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Na ajiye tire, na shiga ɗaki na ɗauko ledojin nan uku da gwangwanin Nasiru, na durƙusa na ajiye a gabansu.

"Yaya, a yi mini afuwa. Ba tsufa ba ne. Kowa ya duba ya ɗauki nasa."

Na faɗi duk abin da likita ta ce. Yaya ya ɗauki kwalinsa yana juyawa kamar bai taɓa ganinsa ba. Nasiru ya tashi ya fita, muna jin shessheƙarsa a zaure. Malam ya dube ni ya ce, "Duk tsawon lokacin nan kina da wannan a ciki?" Inna kuwa ta juya fuskarta bango. Daga ranar ta daina yi mini magana. In na gaishe ta sai ta amsa da ka, abinci kuma sai Malam ya miƙa take karɓa. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Yaya da kansa ya je ya ga likitar. Ta ce masa Inna za ta iya komawa gidanta, da sharaɗin ta ci gaba da karɓar allura a asibitin can, kada ta kusanci wuta ba takalmi, kuma Gwaggo ta riƙa duba mata tafin ƙafa kullum. Bai sake tada maganar haya ba.

Ga masu iyaye a gida, abin da zan ce kaɗan ne. Ku buɗe jakar nan ku gani, ko za a yi fushi da ku. Ku tambayi 'yan'uwanku abin da suke kaiwa. Ƙwannafin da ya ƙi tafiya a kai shi asibiti a nemo dalilinsa, kuma wanda ya daɗe yana shan maganin kada ya yar da shi da kansa, ya je a janye masa.

Ranar komawa Nasiru ne ya ja motar, Yaya a gaba, ni da Malam da Inna a baya. Tun daga Ambursa Inna ta manne da taga tana kallon fadama. Muna tsayawa Gwaggo Kulu ta fito tana guɗa. Malam ya miƙa hannu zai kama Inna, ta ture, ta dogara sandarta ta shiga da ƙafarta. Yaya Bello, mutumin da ko dariya ba ya yi a gaban ƙannensa, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta ya kasa ɗaga kai. Inna na kallon gefe ta ce, "Tashi hakanan. Ni nis sha da hannuna."

Ni kuma na shiga share-share. Na kakkaɓe katifa, na jera magungunanta, na sake nanata wa Gwaggo maganar takalmi, na sake share inda na riga na share. Gaskiya ba aikin ne ya tsayar da ni ba, na kasa tafiya ne ba mu yi sallama ba. Har Nasiru ya tada mota. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Inna, za mu koma."

Tana zaune a bakin gadonta tana shafa zanen gadon da tafin hannu.

"Luba."

"Na'am, Inna."

"Amana dai kin ci ta."

Hawaye suka zubo mini. Ta miƙo hannu ta gyara mini mayafin da ya zame, ta ɗan daɗe ba ta janye hannun ba.

"Tashi ki koma gidanki, ɗiyata. Ni kam na iso nawa."